Kafin a ƙara bireka a akwatin wutar gida: Abubuwan da ya kamata ka sani

Yawancin gidajen haya na Nima da Maamobi, da na New Town da Sabon Zango a Accra, an ja musu waya ne tun zamanin da kayan wutar ɗaki ba su wuce ƙwai ɗaya da rediyo da fanka ba. Yau ɗaki guda yana ɗauke da firji da talabijin da tukunyar dafa shinkafa da butar lantarki da dutsen guga, wani ma har da esi. A zaure tela ya kafa keken ɗinki mai mota. A bakin ƙofa Hajiya ta jera firiza biyu tana sayar da ƙanƙara da sobolo da burkina, balle da yake azumin 'yan shekarun nan a watannin zafi yake faɗowa. Wayar da ke cikin bango kuwa tana nan yadda aka binne ta shekara talatin ko arba'in da suka wuce.

Daga nan rigimar ke farawa. Wuta ta ɗauke a gidanku alhali maƙwabta na da tasu, a je akwati a tarar bireka ta faɗi, a ɗaga ta, kafin a idar da sallar isha'i ta sake faɗuwa. Washegari sai a kira yaron Masta mai gyaran wuta a ce ya sauka shagunan kayan wuta na Circle ya sayo wadda ta fi ƙarfi, ko kuma ya ƙara wata. Mutane suna faɗin waɗannan biyun kamar abu ɗaya ne. Ƙara sabuwar bireka da nata layin na iya zama gyara na gaskiya. Sauya ƙarama da babba a kan tsohuwar waya kuwa shirin gobara ne.

## Wa bireka take karewa?

Waya take karewa. Ba firjinka ba, ba talabijin ɗinka ba, kuma irin wadda aka saba gani ba ta kare jikin mutum. Wanda ya riƙe wannan ya gane rabin maganar.

Duk wayar da wuta ke bi ta cikinta tana ɗumama. Idan abin da ake ja ya ninka sau biyu, zafin da ke tashi a cikinta sau huɗu yake ninkawa. Robar da ta rufe wayar gida an yi ta ne ta jure zafin da bai wuce digiri 70 ba. In aka daɗe ana wuce haka, sai robar ta bushe, ta tsattsage, wata rana wayoyi biyu su haɗu a cikin silin inda babu mai gani. Aikin bireka shi ne ta yanke wutar kafin a kai nan.

Hanya biyu take bi. A cikinta akwai wani siririn falle na ƙarfe iri biyu da aka manna. In lodi ya yi yawa sai ya yi zafi a hankali, ya lanƙwashe, ya saki makunnin. Wannan yana ɗaukar lokaci, daga daƙiƙoƙi har zuwa awa guda ko fiye. Akwai kuma ƙaramin maganaɗisu da ke jiran ranar da wayoyi suka haɗu kai tsaye. A nan wutar da ke kwararowa takan kai ɗaruruwan amfiya, shi kuma yana fizge makunnin kafin ƙiftawar ido. Wani Bajamushe mai suna Hugo Stotz ne ya haɗa dabarun nan biyu a ƙaramar na'ura guda, ya yi mata rajista a 1924. Kafin ta yaɗu, fis ake amfani da shi, wato 'yar siririyar waya a cikin gidan tangaran da ke narkewa in wuta ta yi yawa. Har yanzu akwai irin waɗannan akwatuna a tsofaffin gidajen Zango, kuma da yawansu in ka zaro tangaran ɗin za ka tarar wani ya cusa waya mai kauri ko ƙusa a madadin fis. Gidan da ke haka ba ƙarin bireka yake bukata ba, sabon akwati yake bukata gaba ɗaya.

## Lissafin da ake yi kafin a ɗauko sukudireba

Wutar da kamfanin ECG ke kawowa gida a Accra bolt 230 ce. Kowane kayan wuta yana da 'yar takarda ko rubutu a bayansa da ke nuna wat nawa yake ci. Ka raba wat ɗin da 230, abin da ya fito shi ne amfiyar da yake ja.

Mu ɗauki misali. Butar lantarki mai wat 2,000 tana jan kusan amfiya 9. Dutsen guga mai wat 1,500 yana jan 6 da rabi. Murhun lantarki mai kai ɗaya, shi ma 1,500, wani 6 da rabi ke nan. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yakan ci wajen wat 1,200, a ce amfiya 5. In duk an kunna su a layi guda da magariba, an kai amfiya 27. Bireka mai lamba 20 iyakarta wat 4,600, ga shi an ɗora mata 6,200.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne ba nan take take faɗuwa ba. Ƙa'idar ƙera ta, wadda ake kira IEC 60898, ta ce ta iya riƙe ƙarin kashi 13 cikin 100 na awa guda ba ta faɗi ba, amma in ƙarin ya kai kashi 45 dole ta faɗi cikin awa ɗaya. Amfiya 27 a kan bireka 20 ta faɗo tsakanin waɗannan iyakoki biyu. Shi ya sa yau za ta yi minti arba'in, gobe ta yi awa biyu, jibi da garin ya yi sanyi ba ta faɗi ba sam, sai a yanke mata hukunci cewa ta lalace. Lafiyarta ƙalau, gaskiya take faɗa.

Ƙwan fitila ba shi ne matsala ba yanzu. Tun 2007 da gwamnati ta raba ƙwayaye masu tsimin wuta miliyan shida, daga baya aka kuma hana shigo da masu zafin nan na da, lodin haske ya ragu ƙwarai, ƙwayayen LED suka ƙara rage shi. Duk abin da ke dafawa ko gasawa ko tafasa ruwa ko sanyaya ɗaki, shi ne mai cin wuta.

## Me zai faru in aka sa babba kawai?

Kowace waya da iyakarta. Wadda masu aikin ke kira 1.5, ta fitilu da fanka, tana ɗaukar amfiya 15 zuwa 17 gwargwadon yadda aka shimfiɗa ta, kuma akan tsare ta da bireka 6 ko 10. Ta 2.5, wadda ake ja wa soket, tana ɗaukar 20 zuwa 24 in tana cikin bututu a bango, birekarta 16 ko 20. Akwai tsarin Ingila da Ghana ta gada, inda wayar 2.5 ke fita daga akwati ta zagaya soket-soket ta dawo akwatin kamar zobe. A nan kaɗai ake yarda a sa mata 32, don hanya biyu wutar ke bi. Kuka ta lantarki da hitar wanka mai tafasa ruwa nan take suna son waya 6 ko fiye.

Waɗannan lambobi an auna su ne a yanayin digiri 30. Cikin silin ƙarƙashin rufin kwano, a watan Maris, ya fi haka nesa ba kusa ba. A digiri 40 kaɗai, abin da wayar ke iya ɗauka yana raguwa da kusan kashi 13 cikin 100. In an cunkusa wayoyi da yawa a bututu ɗaya, ya ƙara raguwa.

To ka ga wanda ya cire bireka 20 ya sa 40 a kan wayar 2.5, bai ƙara wa gidan ƙarfin komai ba. Mai gadi ya sallama don yana yawan tashinsa da dare. Wuta ba za ta sake ɗaukewa ba, kowa zai yi wa yaron Masta sambarka, wayar kuwa tana can tana dahuwa. Ina ganin babu kuskuren da ya fi wannan yawa a gidajenmu, kuma ba don mugunta ake yinsa ba. Mai gida ne ke son a gama da kuɗi kaɗan, yaron kuma ba ya son ya yi musu da dattijo.

## Yaushe ƙarin bireka ke da amfani?

Lokacin da aka ja mata sabuwar waya tun daga akwati har zuwa inda kayan yake. Ma'anar ƙara bireka ke nan: raba lodi. Esi, hitar ruwa, kukar lantarki, famfon tura ruwa zuwa tanki, shagon da aka fitar a jikin gida, kowanne ya cancanci layinsa shi kaɗai. Firizar sana'a ma gara a ware mata nata, don kada guga a ɗakin wani ya kashe ta da tsakar dare kaya su narke.

Amma kafin nan akwai tambayoyi uku da mai aikin kirki zai amsa. Ta farko, akwai gurbi a akwatin? Akwatunan gida suna zuwa ne da gurbi huɗu, shida, takwas, goma sha biyu. In sun cika, ba a cusa wayoyin layi biyu a bakin bireka ɗaya, ba a kuma rataye sabuwa a jikin katako kusa da akwati. Ana sauya akwatin da babba, ko a kafa ƙaramin akwati na biyu da ke karɓa daga na farko ta waya mai kauri da birekarta.

Ta biyu, babban makunni da wayar da ta taso daga mita za su iya ɗaukar ƙarin? A fuskar mita akwai lambar iyakarta, misali 60A. Ba a tara lambobin birekoki a ce sun wuce 60 don haka an yi laifi, tunda ba duka ake kunnawa lokaci guda ba. Abin da ake dubawa shi ne mafi yawan abin da gidan ke ja a lokacin da kowa ya dawo. Mai aikin da ya san hannunsa yana da mita mai baki kamar ƙaguwa da ake maƙala wa waya. Zai zo da magariba ya auna, ba da hantsi ba lokacin da gida babu kowa. In gidan ya riga ya kusa iyaka, ƙarin bireka ba zai haifar da wuta ba. Sai dai a nemi mita ta daban, ko a nemi ECG ta mayar da gidan kan layi uku.

Ta uku, lafiyar tsohuwar wayar. In an buɗe akwati aka ji ƙaurin roba, ko aka ga baƙi a bakin wata bireka, ko robar waya tana ɓarewa a hannu, a tsaya a nan tukuna.

## Rubutun da ke jikinta

Za ka ga harafi da lamba, kamar B16 ko C20. Lambar ita ce amfiya. Harafin yana nuna yawan fizgar da za ta jure kafin maganaɗisun nan ya yanke: B ninki 3 zuwa 5 na lambarta, C ninki 5 zuwa 10, D ninki 10 zuwa 20. Fitilu da soket na ɗaki, B ta wadatar. Kayan da ke da mota, irin su esi da famfo da firiza, suna fizgar wuta da yawa a daƙiƙar da suka tashi, don haka akan ba su C. D ta injinan masana'anta ce da na walda, ba ta da wurin zama a gidan kwana. Akwai kuma lamba a cikin ɗan akwatin zane, 6000 ko 10000, wato mafi girman wutar da za ta iya yankewa ba ta fashe ba.

A nemi irin ta kamfanin da ya yi akwatin. Duk da cewa kusan dukkansu suna hawa kan sandar ƙarfe iri ɗaya, bakinsu na ƙasa ba tsayi ɗaya ba ne, kuma in haƙorin jan ƙarfen da ke raba musu wuta bai zauna daidai ba, wurin zai riƙa zafi.

## Abin da ke hana wuta ta ja mutum

Nan ne maganar ta fi nauyi. Amfiya ɗaya in aka raba ta dubu, kashi ɗaya daga ciki mutum yana jin sa a fata. Wajen kashi goma, hannu kan ƙi sakin abin da ya riƙe. Daga talatin zuwa sama, zuciya na cikin haɗari. Bireka mai lamba 20 ba ta san da wannan ba. Yaro zai iya taɓa jikin firiza mai yoyon wuta da jiƙaƙƙiyar ƙafa, abin da ya bi ta jikinsa ya isa ya kashe shi, ita kuwa ko motsi ba za ta yi ba, don a wurinta wannan bai kai cin ƙwan fitila ba.

Mai wannan aikin wata na'ura ce daban, wadda ake rubuta wa RCD ko RCCB, tsofaffin hannu kuma suna ce mata ELCB. Ana gane ta da ɗan maɓalli mai harafin T da rubutun 30mA. Ita auna wutar da ta fita take yi da wadda ta dawo. In suka bambanta da kashi 30 cikin dubu na amfiya, ta san wutar ta sami wata hanya, ta jikin mutum ko ta jiƙaƙƙen bango, sai ta yanke cikin ƙasa da sulusin daƙiƙa. Akwai kuma RCBO, wadda ta haɗa aikin biyu a jiki ɗaya. Ta fi tsada, amma ga gidan haya ita ta fi dacewa, domin in ɗakin mutum ɗaya ya sami matsala shi kaɗai zai zauna a duhu.

Wani zai ce ai gidanmu akwai wayar ƙasa. Madalla, amma a duba lissafi. A galibin gidaje, wayar ƙasa tana ƙarewa ne a sandar ƙarfe da mai gida ya kafa a tsakar gida ko bayan ɗaki. A ce turjiyar ƙasar wurin om 50 ce. Waya mai wuta ta taɓa jikin firiza, sai 230 a raba da 50, amfiya 4.6 ke nan ke bi ta ƙasa. Bireka 20 za ta bar wannan ya yi ta gudana har wata ya ƙare, yunit na tafiya, jikin firizar na ɗauke da wuta. Sanda ita kaɗai ba ta isa ba, sai da RCD. Sandar ma tana tsatsa, mahaɗinta na kwancewa, wani lokaci masu gyaran gota ko masu zuba siminti su datse wayar ba wanda ya lura. A lokacin hunturu da ƙasa ta bushe, turjiyarta na ƙaruwa.

Ga kuma ruwa. Wanda ya ga ambaliyar 3 ga Yunin 2015, daren da gobarar gidan mai a Circle ta haɗu da ruwa aka rasa rayuka sama da 150, Allah Ya jiƙansu, ya san inda ruwa ke kaiwa a Odawna da Adabraka da Alajo in kogin Odaw ya cika. Gidajen bakin babbar gotar Nima ma sun san nasu. A irin waɗannan wurare, sabon soket a ɗaga shi sama, akwati kuma a kafa shi inda babba zai kai hannu ya kashe ba tare da ya tsaya cikin ruwa ba. Birekar da ruwa ya taɓa shanyewa, ko ta bushe ba a sake yarda da ita.

Abu ɗaya da bireka da RCD duk ba sa maganinsa: wutar da ta dawo da ƙarfi bayan an ɗauke, ko ta zo rabi-rabi. Mutanen da suka sha dumsor, wato yawan ɗauke wuta, tsakanin 2012 da 2016 sun yi asarar firji da talabijin ba adadi ta wannan hanya. Maganin wannan shi ne 'yar na'urar kariya da ake sakawa a soket, mai jinkirta 'yan mintoci kafin ta saki wuta, ko babbarta da ake ɗaurawa a akwati.

## Me doka ta ce, kuma ina iyakar mai gida?

Ghana tana da dokar jan wayar lantarki ta 2011, wadda aka fi sani da L.I. 2008, kuma Hukumar Makamashi ta ƙasa ce ke kula da ita. Dokar ta ce wanda hukumar ta jarraba ta ba shi shaida ne kaɗai zai ja waya, kayan aikin kuma su zama waɗanda Hukumar Kula da Ingancin Kaya ta Ghana ta amince da su, bisa ma'aunin GS 1009. Shaidar hawa-hawa ce: ta gidajen zama, ta wuraren kasuwanci, ta masana'antu, sannan akwai masu duba aikin wasu. Mai shaida yana da katin da ke ɗauke da lambarsa, kuma hukumar na da jerin sunayensu a shafinta na intanet. Dokar ta kuma tanadi a sake gwada wayar ginin da ta kai shekara goma. In aka bi wannan sau da ƙafa, kusan kowane gida a Nima ya makara.

Kowa ya san yadda sana'ar take a Zango: yaro ya bi Masta shekaru, ya koya da ido da hannu, wasunsu kuma sun fi masu takarda iya aiki. Ba raina su ake yi ba. Amma tambayar kati ba cin fuska ba ce, kuma da yawa daga cikin Mastocin nan sun je sun zauna jarrabawar. In an ji nauyin tambaya kai tsaye, ana iya cewa, “Masta, in an gama za a ba mu takardar gwaji ko?” Amsarsa za ta nuna maka da wa kake magana.

Iyaka kuwa a fili take. Daga turke zuwa mita, har da fis ɗin kamfani da hatimin da ke jikinsu, na ECG ne. Taɓa su laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa. Daga bayan mita zuwa cikin ɗakuna, nauyin mai gida ne. Duk wanda ya ce zai ɗauko wa esi ɗinka wuta ba tare da ta bi ta mita ba don yunit ya daina gudu, ya haɗa maka abu biyu: shari'a, da layin da ba shi da wata kariya tsakaninsa da taransifoma.

## A kasuwa

Circle ta fi suna da wayoyin hannu na Tip Toe Lane, amma shagunan kayan wuta na nan birjik a kewayenta, manyan dilolin kuma suna Opera Square da Zongo Lane a cikin gari. Akwai na ƙwarai, akwai jabu, sau da yawa a kanta ɗaya. Birekar jabu takan yi sakayau a hannu, rubutunta na gogewa da yatsa, kuma an sha fasa irinta a tarar babu komai a ciki sai makunni. Irin wannan ba za ta taɓa faɗuwa ba. In farashi ya faɗi ƙasa da rabin na sauran shaguna, araha ba ta ado.

Waya ta fi bireka yawan algus. Akwai alminiyam da aka shafa wa ruwan jan ƙarfe. Ka kankare bakinta da wuƙa, in fari ya bayyana ka ajiye. Akwai wadda aka rubuta wa 2.5 alhali cikinta bai kai ba, an cike da roba. Ghana na da masana'antun waya nata a yankin Tema, irin su Nexans Kabelmetal da Tropical Cable da Reroy, kuma sayen nasu daga dilan da aka sani, da rasit, ya fi sauƙin bin sawu in wani abu ya taso. Shawarata ita ce mai gida ya bi mai aikin kasuwa, ko ya ce a kawo masa kwalin da rasit. In aka yi jinga a dunƙule, kuɗin kaya da na aiki a haɗe, to daga ingancin waya ake fara rage wa.

## Gida ɗaya, mita ɗaya, ɗaki goma

A gidan haya, akwatin wuta na kowa ne, don haka ɗan haya ba ya kiran mai gyara ya buɗe shi ba da sanin mai gida ba. Ba maganar ladabi kaɗai ba ce. Sabon layin esi a ɗaki ɗaya yana cin rabon sauran a kan babban makunni, yana kuma sauya lissafin kuɗin wuta da ake rabawa bisa yawan kayan kowa, lissafin da ya raba zumunci a gidaje da dama.

Akwai wata asarar da ba a cika lura da ita ba. Hukumar PURC mai tsara farashi ta ware rahusa ga masu ƙaramin ci, waɗanda ba sa wuce yunit 30 a wata. Tsohuwar da ke da ƙwai ɗaya da fanka ta cancanci wannan rahusa, amma in mitarta ɗaya da ɗakuna tara, mitar ba ta san da ita ba. Jimilla take gani, kowa ya biya farashin sama. Saboda haka wanda zai shigo da kaya mai nauyi, mafi adalci ya nemi mitarsa ta daban a ofishin ECG na gundumarsa. In hakan bai samu da wuri ba, a ba kowane ɗaki birekarsa a akwati, a rubuta suna a kai, a sa masa ƙaramar mitar ƙidaya ta cikin gida. Rigima takan ragu in lamba ce ke magana.

## Ranar aikin

Ba aikin da mai gida zai yi da kansa ba ne, ko da ya kalli bidiyo goma a YouTube. Dalili kuwa, ko an kashe babban makunni, bakinsa na sama inda wayar mita ta shigo yana nan da wuta, tazararsa da inda ake aiki ba ta wuce faɗin tafin hannu ba. In gidan na da janareta ko inbata ko sola, wuta na iya dawowa ta baya, sai an kashe su an ware. Sukudireban gwaji mai ɗan ƙwai a gindi, wanda kowa ke sawa a aljihu, ba abin dogaro ba ne a nan. Ana bukatar mitar gwaji mai baki biyu, a gwada ta a wurin da ke da wuta, a gwada inda za a yi aiki, a sake gwada ta.

Abin da ya kamata idonka ya gani: sabuwar waya uku ce, mai wuta da nutural da ta ƙasa, duk a cikin bututu ko kwaroron roba, ba a rataye a ƙusa ba. Mai wuta ta shiga bakin bireka, nutural ta tafi sandar nutural da ta dace da RCD ɗin layin, ta ƙasa ta tafi sandarta. Launi ya bi ƙa'ida: a tsohon tsari ja da baƙi da kore, a sabo ruwan ƙasa da shuɗi da kore mai ratsin rawaya. Gidaje da yawa yanzu sun haɗa tsarin biyu, don haka launi ba ya maye gurbin gwaji. A ɗaure kowane noti tamau, domin sako-sakon mahaɗi yana haddasa zafi ko lodi bai yi yawa ba, kuma bireka ba ta ganin wannan.

Kafin a saki wuta, a gwada lafiyar robar waya da na'urar da masu aikin ke kira mega, a gwada cewa wayar ƙasa ta isa har soket na ƙarshe, a tabbatar ba a juya mai wuta da nutural ba. Bayan an saki, a danna maɓallin T a gabanka ka ga ta yanke. A rufe duk gurbin da ya rage a buɗe don yatsan yara da kyankyasai, a rubuta sunan sabon layin a murfin akwati.

Maɓallin T ɗin nan a riƙa danna shi duk bayan 'yan watanni. In bai yanke ba, na'urar ta mutu ko da wuta na wucewa. Sabuwar bireka in ta faɗi, a cire kayan da ke kanta kafin a ɗaga. In ta faɗi nan take babu komai a jone, matsalar a waya take, a bar ta a ƙasa a kira wanda ya yi aikin. In kuwa aka ga hayaƙi ko tartsatsi a akwati, a kashe babban makunni in hannu zai kai lafiya, kada a watsa ruwa, a fitar da mutane, a kira 'yan kwana-kwana a 192 ko 112, a kuma tura wani bakin titi ya tarye su, don lungunan Nima da Maamobi ba kowanne motarsu ke iya shiga ba.